Aikin manhaja ya ishe ni, zuciyata na wajen dukancin kakana

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 32, ina zaune a Kano da matata da 'ya'ya biyu. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma shekara bakwai ke nan ina rubuta manhaja. Yanzu daga gida nake yi wa wani kamfanin hada-hadar kuɗi na Legas aiki, albashina ya ɗan haura naira miliyan ɗaya a wata, alhamdu lillahi. Watan jiya shugabana ya kira ni ya ce suna son su ba ni shugabancin rukuninmu, mutum takwas, tare da ƙarin kuɗi. Kowa murna yake taya ni, ni kuwa tun ranar gabana ke faɗuwa. Dama aikin ya ishe ni. Mitin daga safe har la'asar, waya cikin dare idan wani abu ya tsaya, ga wata manhaja da muka yi wata biyar muna ginawa aka ce a jingine ta, ba wanda ya taɓa amfani da ita. Rabona da jin daɗin aiki tun wani lokaci da na kwana biyu ina bin diddigin wata matsala mai sa kuɗin mutane su maƙale, har Allah ya sa na gano ta.

Shekara biyu da suka wuce na fara aikin fata a ƙarshen mako. A YouTube na koya. Ina yin alabe da bel da jakar laftof. In na zauna da basilla da zare bayan azahar, sai dai in ji kiran sallah. Wani abokina ya sayi jaka ɗaya naira 80,000. Kayan aikinta sun ci kamar 30,000, kuma ta ɗauke ni wajen awa 30. Abokai sai cewa suke in buɗe shago a Instagram. Ga kuma maganar ƙirƙirarriyar basira da ake cewa za ta cinye aikinmu.

Kakana baduku ne. Mahaifina ne ya bar sana'ar, ya yi boko, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Ranar da ya ga kayan aikina a tsakar gida, abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe abin da na biya wa kuɗin makaranta ke nan.” Matata ba ta hana ni ba, amma ta tambaye ni kuɗin haya da na makarantar yara. Malam, in karɓi ƙarin girman ne, ko in ajiye aikin gaba ɗaya in rungumi fata?

Jikan baduku, daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a hannun nan naka.

Amsata a taƙaice: kada ka ajiye aikinka bana, kuma kada ka karɓi shugabancin nan don kawai ana taya ka murna. Hanya biyu ka kawo mini, kuma yadda ka shimfiɗa su babu wadda ta kwanta mini.

Na duba wasiƙarka ina neman inda ka ce rubuta manhaja ya gundure ka, ban gani ba. Mitin ka ambata, da wayar dare, da aikin wata biyar da aka zubar. Lokacin da ka tuna da daɗi kuwa, kwana biyun nan da ka yi kana farautar abin da ke riƙe kuɗin mutane, ai tsantsar aikin injiniya ne: kai kaɗai da matsala ɗaya, ba mai katse ka, daga ƙarshe abu ya gyaru kana gani. Zamanka da basilla ma haka yake. Abin da fata ke ba ka ranar Asabar shi kwamfuta ta saba ba ka kafin a cika maka yini da mitin.

Akwai kuma gajiya a muryarka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce abu ne da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba, kuma ta ba shi alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya riƙa ganin ba ya tsinana komai. Biyun farko suna cikin wasiƙarka ƙarara. Mai irin wannan gajiya bai kamata ya yanke hukuncin da zai taɓa tuwon mutum huɗu ba sai ya huta. Ka nemi hutunka na shekara cikakke, ka cire manhajar saƙonnin ofis daga wayarka har ka dawo. In barci ya ƙaurace maka, ko ka ga ko fatar ma ta daina yi maka daɗi, to magana ta wuce ta shafin shawara, sai ka ga likita.

Yanzu kujerar. Sana'arku tana da wata al'ada mai ban mamaki: wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja shi ake ɗaukewa daga rubuta ta, a ce ya shugabanci masu rubutawa. Sunansa ƙarin girma, amma canjin sana'a ne. Manajan injiniyoyi zai zauna da kowane ɗaya daga cikin mutum takwas ɗin nan duk mako ko mako biyu. Zai saurari mai son ƙarin albashi, ya lallashi mai shirin tafiya Kanada, ya gaya wa wanda aikinsa ya yi rauni gaskiya ba tare da ya karya masa gwiwa ba, ya tantance masu neman aiki, ya tsaya tsakanin rukuninsa da masu kamfani idan sun yi wa kwastoma alkawarin wata ɗaya a kan aikin wata uku. Ranar da za a rage ma'aikata, shi zai kira yaron da ya ɗauka da hannunsa ya faɗa masa. Akwai masu jin daɗin wannan aiki, kuma ina ganin girmansu, domin manaja nagari yana iya ɗaga rayuwar mutum takwas. Sai dai amfaninsa ba ya fitowa yau. Sai bayan wata shida ko shekara ka ga yaron da ka yi ta fama da shi ya tsaya da ƙafarsa. Kai kuwa, bisa abin da ka rubuto, mai son ka gama abu ka riƙe shi a hannu ne. Mitin ɗin da ya ishe ka yanzu, a can shi ne aikin kansa.

Manyan kamfanonin fasaha sun daɗe da gane wannan matsala, shi ya sa suke da turba biyu ta hawa. Tun farkon shekarun 1960 IBM take da muƙami na musamman ga gwanayen injiniyoyi da masana kimiyya, wanda ake ba su don su ci gaba da aikin da suka ƙware a kai. Google da Microsoft su ma suna da matakai sama da na siniya, inda injiniya ke kaiwa darajar manyan manajoji alhali ba kowa a ƙarƙashinsa. Ƙananan kamfanoni sau da yawa ba su rubuta wannan turba ta biyu ba, kuma ba lallai don sun ƙi ba ne, wani lokaci ba a taɓa samun wanda ya nema ba. To kai ka nema. Ka ce wa shugabanka kana son ka zama jagoran fasaha na ɓangaren biyan kuɗi, kai ne mai tsara yadda za a gina abu, mai duba aikin na ƙasa, mai koyar da su, amma maganar albashi da hutu da ladabtarwa ta zauna a hannun wani. Kada ka zaci wannan matsayi ba shi da mitin. Yana da shi, da rubuce-rubucen bayani masu yawa. Babu wani babban matsayi a sana'ar nan da mutum zai kulle kansa a ɗaki daga shi sai allo. Amma ko da rabin yininka ne zai dawo hannunka, kuma rabin yini ba ƙaramin abu ba ne.

In sun ce ba su da wannan gurbi, sai ka nemi riƙon ƙwarya na wata shida, a rubuce, da sharaɗin in bai yi maka ba za ka koma matsayinka da albashinka na dā ba tare da an ɗauke shi gazawa ba. Injiniyoyi da yawa sun shiga manajanci sun fito, kuma sun fito sun fi fahimtar dalilin da kamfani ke yanke wasu shawarwarin da a dā suke gani shirme ne. Haɗarin yana ga daɗewa. Shekara uku ba ka rubuta manhaja ba, hannu zai yi nauyi, kuma ranar da za ka nemi wani aikin, jarrabawar rubutu za a ba ka.

Ka kuma lura da cewa yanzu ne bakinka ke da nauyi a kamfanin, tunda kai suke nema. Wayar dare ba ƙaddara ba ce. Inda ake da tsari, karɓa-karɓa ake yi, mako-mako, kuma wanda aka tasa cikin dare ana ba shi hutun rama barci ko alawus. Ka nemi wannan. Ka nemi a ware safiya biyu ko uku a mako da ba a sa mitin. Aikin da aka jingine kuwa ba shi da magani. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan yana da irinsa, kuma wani ɓangare na albashin kuɗin haƙurin wannan ne.

Tsoron ƙirƙirarriyar basira ba na raina shi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, da irin su GitHub Copilot masu taya injiniya rubuta manhaja, rubutun da ƙaramin injiniya kan yini a kai ana samunsa cikin mintuna. A daidai lokacin ne kuma manyan kamfanonin Amurka suka yi ta sallama: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, galibi saboda sun ɗebi ma'aikata fiye da kima a lokacin korona. Amma ka duba wa ya fi shiga matsi. Tun a Satumban 2019, kafin waɗannan kayan aiki, Andela, kamfanin da ke samar wa kamfanonin waje injiniyoyin manhaja daga Afirka, ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, dalilinta kuwa shi ne masu ba ta aiki ƙwararru suke nema. Ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da ke son horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar kwamfuta, wato masu shigowa daga ƙasa ƙaruwa za su yi. Kai ba a wannan layi kake ba. Shekara bakwai gare ka, kuma ka san inda kuɗi ke maƙalewa tsakanin banki da banki, ilimin da ba a samunsa sai da kwanan zaune. Wannan ne jarinka mafi girma, kuma yana rubewa in aka ajiye shi. Fita daga sana'ar nan da sauƙi, dawowa bayan shekara biyu a kasuwa irin ta yau shi ne aiki. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Kuma fata ba mafaka ba ce daga inji. Inji ya riga ya isa wajen dukawa tun kafin a haife ka. Jarka ta kori salka, gugan roba ya kori na fata, silifas da takalman kamfani, na China da na Aba, suka cika kasuwa a farashin da mai ɗinki da hannu ba zai iya sauka ya same su ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar Baba.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka kawo. Jaka 80,000, kaya 30,000, saura 50,000. Raba wa awa 30, kusan naira 1,700 ke nan a awa. In ka zauna awa 180 a wata ba ka ɗaga kai ba, jaka shida za ka fitar, naira 300,000, bai kai sulusin albashinka ba. Ban sa zuwa kasuwa neman fata ba, da fatar da za ta lalace a yanka, da ɗaukar hoto, da kuɗin aikawa, da wanda zai dawo da jaka ya ce zif ya ɓalle. Za ka ce hannunka zai ƙara sauri. Gaskiya ne, mu ce ya ninka. To yanzu kana buƙatar mutum goma sha biyu duk wata masu iya cire 80,000 a kan jaka, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024. Akwai su, a Abuja da Legas da ƙasashen waje, amma isa gare su sana'a ce ta daban, sunanta talla. Kuma jakar da ka sayar abokinka ne ya saya. Aboki kai yake saye, ba jaka ba. Ba za ka san darajar aikinka a kasuwa ba sai wanda bai san ka ba ya taya.

Hanyar da kuɗin fata zai kai albashinka ɗaya ce: ka sayi kekuna, ka kama shago, ka ɗauki yara, wani na yanka, wani na ɗinki, wani na gogewa. Daga nan kai ne mai neman oda, mai biyan su ranar Alhamis, mai sasanta wanda ya makara da wanda ya ɓata fata, mai ba kwastoma haƙuri. Ka ga inda muka dawo? Shugabancin mutum takwas ɗin da ka gudo, sai dai wannan karon ba albashi a ƙarshen wata, kuma basillar tana hannun wani.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. A 1973 Mark Lepper na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da yaran nazare masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki, da aka bar su da alƙaluman zanen ba wanda ya ce su yi, waɗanda aka yi wa alkawarin ne suka fi ja da baya. Ba ina cewa kuɗi na ɓata duk abin da ya taɓa ba, ai akwai dukawan da suka tsufa suna son sana'arsu. Amma daɗin da kake ji yanzu, wani kaso nasa daga rashin mai jira ne. Ba wanda ya ba ka wa'adi, ba mai cewa canza launi. Ranar da ka karɓi kafin alƙalami, saƙon “Malam ina jakata?” zai shigo WhatsApp da ƙarfe sha ɗayan dare, kuma gabanka zai faɗi kamar yadda yake faɗuwa da wayar ofis.

Don haka in za ka sayar, ga yadda nake so ka yi na tsawon shekara ɗaya. Ka ɗinka abin da ranka ke so, ka gama, sannan ka sa shi a kasuwa. Ba oda, ba kuɗin gaba. Abu ɗaya ko biyu a wata ya isa. Ka sa farashin da ya haɗa da awoyinka ko da zai kori rabin masu tambaya, ka buɗe littafi ka riƙa rubuta komai har kuɗin mai na zuwa Kurmi. 'Yan uwa kuwa ko dai kyauta a fili ko cikakken kuɗi, domin bashin dangi shi ke fara kashe ƙaramar sana'a. Ba abin kunya ba ne abu ya zauna a gefe yana girma a hankali. Guido van Rossum ya fara Python, harshen rubuta manhaja, ne a hutun Kirsimetin 1989 yana ma'aikaci a wata cibiyar bincike a Amsterdam, Linus Torvalds kuma ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma ba wanda ya bar abin da ke hannunsa don ya fara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne wannan: jikan baduku, a Kano, ya koyi fata a YouTube. Ba zargi ba ne, duk inda ilimi yake a ɗauke shi. Amma abin da ke can galibi salon Turai da Amurka da Japan ne, kaurin fatar saniya, ɗinkin allura biyu, ba ado. Yana da kyau, kuma dubban mutane a duniya suna yin irinsa, da yawansu sun fi ka kayan aiki. Abin da ba su da shi yana bayan gidanku. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina ta ja da karan dafi, ita ayari suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can suka sa mata sunan Maroko. Da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, takalma da kayan fata suna cikin abin da ya rubuta cewa birnin na fitarwa zuwa nesa. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma har yau akwai masu yin gafaka da zabira da kube da kayan doki, irin waɗanda ake gani a hawan sallar Kano da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Yadda ake feƙe fatar akuya ta yi laushi, yadda ake yanka ado a ɗora launi kan launi, yadda ake kitsa siraran igiyoyin fata, waɗannan a hannun dattawa suke, kuma dattawan ba ƙaruwa suke ba.

Ka nemi ɗaya daga cikinsu. Ka je da goronka, ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka faɗi sunan kakanka, mai yiwuwa ya san shi ko ya san wanda ya san shi. Ka roƙi ya bar ka ka riƙa zama ranar Asabar, kuma in ya ce share wurin, ka share. Roƙona ɗaya: kada ka je musu da manhaja. Na san halin 'yan sana'arku, mako biyu da zama sai a fara tunanin gina dandalin da zai haɗa dukawa da kasuwar duniya. Dattijon nan ya ga masu zuwa da irin wannan alkawari, sun ɗauki hoto sun tafi. Ka shekara kana koyo tukuna. In daga baya ka ga abin da kwamfuta za ta sauƙaƙa masa, ko da lissafin bashin da yake bin mutane ne, ka yi masa a matsayin ɗa. Ga matsalolin da masu saye daga nesa ke kuka da su, kamar warin jima da launi mai zuba a kan farar shadda, akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata a Samaru, Zariya, wadda aikinta ke nan. Tafiyar yini ɗaya ce daga Kano, ka je ka dawo.

Sai Baba. Maganarsa ta yi maka zafi, na sani, amma ka tuna abin da ya gani da idonsa. Ya tashi a gidan da sana'ar hannu ke ciyarwa a daidai lokacin da roba da kayan kamfani suka fara ƙwace mata kasuwa. Ya kuma tashi a zamanin da sana'ar gidanku ke yanke inda za ka zauna a taro da gidan da za ka nemi aure. Ya fita daga wannan da guminsa, ya ɗora ka a kai. Da ya ga basilla a tsakar gidanka, abin da ya gani shi ne hanyar da ya biyo ana komawa da baya. Kada ka je masa da hujja. Ka san hadisin da ya zo cewa Annabi Dawuda, alaihis salam, daga aikin hannunsa yake ci, shi ma ya sani, kuma ɗa ba ya cin gardama da uba da hadisi ya ce ya ci riba. Ka je ka gaya masa abu ɗaya a fili: “Baba, aikina yana nan, har ƙarin girma aka yi mini tayi, wannan na ƙarshen mako ne.” Shi yake son ji. In hankalinsa ya kwanta, wata rana ka tambaye shi me kakanka ya fi iya yi, wa yake yi wa aiki, ina kayan aikinsa suka shiga. Mai yiwuwa ya share maganar, mai yiwuwa kuma ya buɗe. Kada ka matsa.

Matarka tambayar da ta dace ta yi, kuma da alƙalami ake amsa ta. Ka zauna da ita ka nuna mata lissafin nan na sama yadda yake. Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba amma ni zan faɗa: awa 30 na jaka ɗaya daga Asabar da Lahadin iyali suka fito. Mai aiki daga gida yana ganin kullum yana gida, alhali yara bayansa kawai suke gani. Ku yanka wa fatar lokacinta, matarka ma ta san iyakarsa. Aska da basilla da gam kuma a akwati mai makulli, saboda yara.

Ban rufe maka ƙofa har abada ba. Zan canza magana in abu uku suka haɗu: ka tara abin da zai riƙe gidan shekara guda ba tare da albashi ba, haya da makaranta da magani duk a ciki, littafinka ya nuna waɗanda ba su san ka ba suna saye a cikakken farashi, har wasu suna dawowa, kuma bayan ka huta, an gyara maka yanayin aiki, ka ga har yanzu ranka ba ya son allon. Ko a lokacin ma ba tsalle za ka yi ba. Mai shekarunka a sana'ar nan yana iya neman kwangilar kwana uku a mako, fata ta ɗauki sauran, a ga wadda za ta rinjayi wata.

Kafin nan, ka duba takardar ɗaukarka aiki, domin wasu kamfanoni suna sa sharaɗin sanar da su duk wata sana'ar gefe, ko da ba ta shafi tasu ba. Ka yi istihara, ka kuma nemi wani da ya riƙe manajancin injiniyoyi ko da shekara biyu ne ka tambaye shi yadda Talatarsa take daga safe zuwa dare. Shugabanka yana jiran amsa, kuma wata guda ya riga ya wuce. Ka nemi ganinsa cikin makon nan, ka fara da godiya, sannan ka ajiye masa buƙatunka a rubuce: hutu tukuna, karɓa-karɓar wayar dare, sai matsayin jagoran fasaha, in babu shi riƙon ƙwarya na wata shida.